Wace taswira ce ta san yashi?

Shekara uku ke nan ina fita da keke duk Asabar bayan sallar asuba, daga Gyaɗi-Gyaɗi a Kano zuwa inda ƙafa ta gaji. Abu biyu kawai nake nema a wajen taswirar waya: ta raba ni da tirela, ta kuma gaya mini gaskiyar ƙasar da zan taka. Nisa bai dame ni ba. Kilomita 30 a kan kwalta wasa ne, amma kilomita 3 a cikin rairayi sai ka sauka ka tura.

Na koyi wannan ne ranar da wata manhaja, ba zan kama sunanta ba, ta zana mini yanke zuwa Kura don in kauce wa titin Zariya. A waya layi ne siriri gwanin sha'awa. A ƙasa kuwa burtali ne, yashi har idon sawu, ga ƙaya. Tayar baya ta sace sau biyu. Mai facin da na samu a gindin wata darbejiya ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan ai hanyar amalanke ce. Wa ya turo ka?" Na rasa bakin cewa waya ce.

Tun daga nan na fara gwada manhajojin taswira ɗaya bayan ɗaya.

Google Maps ba ta da na biyu a cikin gari. Ta san masallaci, ta san gidan mai, hoton tauraron ɗan'adam ɗinta kuma yakan nuna maka ko hanya ja ce ta burji ko fara ce ta yashi, in ka iya dubawa. Tun 2019 ta ƙara tsarin masu babur a Najeriya, wanda yakan bi da kai ta lungu. Sai dai mai babur da mai keke ba tafiyarsu ɗaya ba. Kuma in ka sauke taswirarta don amfani babu data, hanyar mota kaɗai take lissafa maka.

Strava ta masu son lissafi ce: gudu nawa ka yi, wa ya fi ka sauri a wane yanki na hanya. Abin da ya fi burge ni shi ne taswirarta da ke haska hanyoyin da mutane suka fi bi, domin inda masu keke suka yawaita, da wuya a ce wurin ba ya biyuwa. Tsara hanya dai sai ka biya kuɗin wata. A kula kuma: a 2018 wannan taswirar ce ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka, saboda sojoji na gudun motsa jiki da ita a kunne. In ta tona soja, ƙofar gidanka fa? Ka shiga saituna ka ɓoye farkon tafiyarka da ƙarshenta.

Komoot, wadda aka ƙirƙira a Jamus, ita ce ta fi iya bayani. Takan kasa maka hanya: nan kwalta, nan tsakuwa, nan turɓaya, ga hawa ga gangara.

Amma wadda ta zauna a kan kekena ita ce OsmAnd. Ba kyakkyawa ba ce, maɓallanta sun yi yawa, sai da na yi mako biyu kafin na saba. Kana sauke taswirar sau ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi, shi ke nan. Ko ka kashe data, GPS na aiki, batir kuma ya daɗe, musamman in ka kashe fuskar wayar ka bar muryar tana yi maka jagora. Ta kyauta tana ba ka damar sauke taswira 7, sun ishe ni. Akwai wurin da za ka ce mata ta guji hanyar da ba kwalta, abin da nake kunnawa da zarar damina ta faɗi. Wanda ba ya son wahalar saituna, ya ɗauki Organic Maps, ita ma ba ta buƙatar data kuma babu talla.

Ga abin da ban sani ba da farko: Komoot da OsmAnd da Organic Maps duk rijiya ɗaya suke ɗiba, wato OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004 wadda 'yan sa-kai ke zanawa. In wanda ya zana hanya daga hoton sama bai rubuta irin ƙasarta ba, manhaja sai dai ta yi kintace. A ƙauyukanmu kuwa irin waɗannan hanyoyi sun fi yawa.

Shi ya sa na buɗe asusu a can, kyauta ne. Na nemo burtalin nan na hanyar Kura, na rubuta masa cewa yashi ne. Bayan taswirar wayata ta sabunta, na sake neman hanya daga gida zuwa Kura, sai ta zagaye shi.