Gargaɗi ga masu shagon kwamfuta: naira 285,000 na biya don kare kayana, aka kafa mini fanko

Assalamu alaikum. Duk mai shagon kwamfuta, ko mai kafe, ko wanda ya haɗa intanet a ofis ko a makaranta a nan Kano da kewaye, don Allah ya tsaya ya karanta. Akwai wani mutum da ke bin shaguna, yana kuma talla a Facebook da WhatsApp, wai shi injiniya ne mai kafa na'urorin hana wuta ƙona kaya. Macuci ne. Naira 285,000 ya karɓa a hannuna. Naira 285,000, kuɗin da na tara da fotokwafi da buga takardu da cike wa ɗalibai fom. Yanzu haka kwamfutoci huɗu suna jibge a kusurwar shago, rawuta mai karɓo intanet ta mutu, suwic mai rami 16 da ke raba musu intanet ya mutu, firinta kuwa da ka jona ta sai ƙauri ya tashi. Ban sa sunansa da lambarsa a nan ba saboda maganar tana hannun hukuma, amma rasit da hotunan hirarmu da hoton cikin kayan duk suna wayata, kuma zan ɗora su.

Kafin wani ya fara cewa ai garaje na yi, ya bari ya ji. Ni ba baƙo ba ne a sana'ar nan. Na san stabilaiza aikinta daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta ɗan hau, ba ta da saurin tare wutar da ta yi tsalle cikin ƙiftawar ido. Na san UPS batir ce da ke riƙe kwamfuta kafin a tayar da janareta. Saboda na san haka ne ma nake neman abin da zai tsaya tsakanin wutar layi da kayana kafin damina ta kankama.

Wata rana bayan Azahar mutumin ya shigo shagona da jaka a kafaɗa. Kai tsaye na ce masa, Injiniya, na sha ganin ekstenshin ɗin da ake cika wa rubutu a jiki, cikinsa kuma wayam. Ya yi murmushi ya ce, Alhaji, ai irinka nake so in yi ciniki da shi, wanda ya san abin da yake saya. Ya zaro sukudireba daga aljihun gaba, ya kwance guda a kan teburina, a gabana, ba a bayan idona ba. Ya nuna mini wasu 'yan faya-faye shuɗaye guda uku, kowanne kamar sulalla, da ƙafa bibiyu a like a jikin allo. Ya ce su ake kira MOV, idan wuta ta yi tsalle su ke buɗe mata hanya ta zirare kafin ta isa kwamfuta, kuma kowane bugu suka sha suna raguwa, shi ya sa ake sauya su. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, haka suke aiki. Na karɓa na jujjuya a hannuna. Na buɗe filogin mai ƙafa uku na ga fiyus mai amfiya 13 a mazauninsa. Wa zai ga wannan da idonsa ya ce ƙarya ce? Da aka kira La'asar tare muka tafi masallaci, sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗarsa na gogar tawa.

Lissafin ga shi, don kada a ce na ƙara gishiri. Ekstenshin shida a kan 18,000 kowanne, 108,000 ke nan. Babban akwati na bango kusa da mita, wanda ya ce yana yanke wuta da kansa idan ta haura bolt 260, kuma ba zai sake ta ba sai ta zauna daidai na 'yan mintoci, 125,000. Wani ɗan ƙaramin abu da ya maƙala a wayar intanet da ta sauko daga eriyar saman rufi, wai na tare tsawa, 20,000. Kuɗin aiki da binne atin, wato sandar ƙarfen da ke kai wutar da ta kauce cikin ƙasa, 32,000. Jimla 285,000. Na tura masa 200,000 ta banki, sauran 85,000 na ƙirga masa a hannu ranar da ya gama.

Ranar da abin ya faru an yi iska mai ƙarfi da asuba, aka ɗauke wuta. Wajen hantsi aka dawo da ita, yara biyu suna zaune suna duba sakamakon jarrabawa. Sai na ga ƙwan fitila ya yi wani irin fari, fankar sama ta fara gudu tana kuka. Kafin in kai hannu ga makunni na ji tas, tas, ta bayan tebura, hayaƙi ya fito daga bayan kwamfutar da ke bakin ƙofa. Na ɗaga kai na dubi akwatin bango, akwatin 125,000, lambobinsa jajaye suna ta hawa, shi kuwa ko ƙyas bai ce ba. Fitilun ekstenshin shida duk kore shar.

Tsaya, na tsallake wani abu. Ranar da ya kawo kayan, ba wanda ya kwance mini ne ya kawo ba. Sababbi ne a kwali, kowanne da farar takarda a manne a kan ramin sukurori, an rubuta garanti shekara biyu, wanda ya yage takardar ya ɓata garantinsa. Na ce masa ina wancan da muka buɗe? Ya ce, haba Alhaji, wancan ai na nuni ne, ya sha hannu, ba zan ba ka tsoho ba. Kamfanoni na gaskiya ma suna manna irin wannan takardar, na gani a jikin kayan da nake saye tun da na fara sana'a. Sunan asusun da na tura kuɗin ma ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne, nasa ya samu matsala. Wannan kuwa kullum ana yi a kasuwa. Mutum ya zauna a kujerata, ya sha ruwana, ya kwance abu a gabana ya nuna mini cikinsa. Har yanzu idan na rufe ido hannunsa nake gani da sukudireban nan yana cewa, Alhaji ka gani da idonka.

Mai gyaran da nake kai wa aiki shi ya zo ya buɗe su. Sai da ya fasa robar, domin an ɗura gam a ramukan sukurorin. Babu MOV ko ɗaya a cikin shidan. 'Yan siraran ƙarafa ne, da makunni, da ƙaramar fitila kore da aka jona kai tsaye, wadda za ta kama muddin akwai wuta, ko da akwai kariya ko babu. Ƙafar atin ta filogin ma ba a haɗa ta da komai ba. Akwatin bango kuwa bireka ce guda ɗaya irin ta kowane gida, da allon da ke nuna lamba, shi ke nan. Abin tare tsawa na 20,000 mahaɗin waya ne kawai a cikin roba. Da muka zaga baya muka bi wayar atin ɗin nan mai kore da ruwan ɗorawa, mai gyara ya sa hannu ɗaya ya fizge abin da aka binne. Guntun rodi ne da bai fi taƙi ɗaya ba, an naɗa masa waya. Sandar atin ta gaskiya mai jan ƙarfe takan kai ƙafa huɗu ko fiye a cikin ƙasa. A kan guntun rodi na biya 32,000.

Mai gyara ya ce alamu sun nuna wayar nutural ce, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a falwaya saboda iskar. Wutar gidajenmu bolt 230 ce tsakanin layi ɗaya da nutural, amma tsakanin layi da layi ta kai wajen 400, don haka idan nutural ya katse sai wasu gidaje su samu wuta fiye da kima, kuma ba tsalle ɗaya za ta yi ta sauka ba, zama za ta yi. Ya ce irin wannan ko MOV na gaskiya ba zai iya da ita ba, ƙonewa zai yi, abin da ke ceton kaya shi ne na'urar da ke yanke wutar gaba ɗaya. To ai ita na saya! Ita ce ta 125,000! Maƙwabcina mai sayar da lemo, ɗan ƙaramin abin kare firji ne a soket ɗinsa, ya yanke wutar nan take, firjinsa na nan yana aiki har yau. Layinmu ɗaya da shi. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Na kira injiniyan tun hayaƙin bai gama fita ba. Ya ce subhanallahi Alhaji, ga ni nan a hanya. Bai zo ba. Da na matsa sai ya turo saƙon murya wai ƙaddara ce, tsawa ce, babu na'urar da ke tare tsawa a duniya. Wace tsawa da hantsi rana na dukan mutane? Na tura masa hoton cikin ekstenshin ɗin, ya buɗe ya gani, daga nan ya toshe ni. Lambar a kashe take. Adireshin da ke kan rasit na je, shagon wani tela ne, bawan Allah ya ce bai taɓa jin sunansa ba, kuma ba ni ne na farko da ya zo nema ba. Shafinsa na Facebook ya sauya suna, amma hotunan akwatunan su ne dai, har da hoton bangon shagona yana talla da shi.

Na yafe wa wanda ya ci bashina ya kasa biya, amma wannan ban yafe ba. 285,000 daban, gyaran kwamfutoci huɗu daban, aikin mutane da ke ciki daban. Akwai ɗalibar da furojet ɗinta na kammala karatu ke cikin ɗaya daga cikinsu, kullum sai ta leƙo ta ce Baba an samu? Allah ya isa tsakanina da shi.

Wanda za ka biya kuɗinsa shi za a buɗe a gabanka, ba na nuni ba. Koren fitila ba shaida ba ce. Ka tsaya a kai lokacin binne atin, ka kira mai wayarin ɗinka ya auna. In hadari ya haɗo ka zare filogi da wayar eriya.

Na kai rahoto wurin 'yan sanda da banki, zan kuma shigar da ƙorafi a hukumar kare masu saye ta FCCPC. Hotunan suna tafe yau da daddare in sha Allahu. Duk wanda mutumin nan ya kafa wa akwati, ya kira mai gyara ya buɗe shi yau, sannan ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ana bukatar ƙarin masu ba da shaida.