Sharhi kan Calantha, maganin feshi mai rufe bakin ƙwayar gado, da matsayinsa ga mai noman tumatir

A watan Disamba na 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa maganin feshi mai suna Calantha rajista ta shekara uku. Kamfanin GreenLight Biosciences ne ya haɗa shi, kuma shi ne magani na farko da aka amince a fesa a kan ganyen shuka wanda ke aiki ta hanyar rufe bakin ƙwayar gado. An yi shi ne domin kashe wani ƙwaro da ke addabar manoman dankalin turawa, amma na ɗauko shi don in auna shi da idon mai noman tumatir, saboda hanyar da yake bi ita ce hanyar da masana ke fatan za ta magance funfunar da ke ruɓar da tumatir.

Kowace halitta tana ajiye umarnin gina jikinta a cikin ƙwayoyin gado, kuma idan tana bukatar wani sinadari sai ta aika kwafin umarnin, wanda ake kira RNA, zuwa wurin da ake haɗa shi, kamar yadda ake aika takarda ga maƙeri. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna a jikin wata 'yar ƙaramar tsutsa cewa idan aka shigar da RNA mai zare biyu wanda ya yi daidai da wata takarda, jikin da kansa ne zai yayyaga takardar kafin ta isa, kuma wannan aiki ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2006. Sinadarin da ke cikin Calantha, mai suna ledprona, irin wannan RNA ne. An tsara shi ya dace da wata ƙwayar gado da ƙwaro ke dogara da ita wajen narkar da tsofaffin sinadaran jikinsa, don haka idan ya ci ganyen da aka fesa, shara ce take taruwa a cikinsa har ta kashe shi.

Abokin gabar da aka nufa shi ne ƙwaron dankali na Kolorado, mai bayan rawaya da baƙaƙen layuka goma, wanda ke jera ƙwai masu launin lemo a ƙarƙashin ganye. Tsutsotsinsa jajaye ne masu doro, da ɗige-ɗige baƙaƙe a gefe, kuma idan suka yi yawa ba sa barin komai a jikin shuka sai kara. Yana cin tumatir da yalo ma. Ya riga ya saba da sinadaran kashe ƙwari fiye da hamsin, shi ya sa manoman can suka daɗe suna neman sabon makami.

Babban abin yabo ga Calantha shi ne zaɓensa. Tunda an ɗinka shi daidai da ƙwayar gadon wannan ƙwaro, ƙudan zuma da ƙwarin da ke taimaka wa manomi wajen cinye na ɓarna suna tsira, kuma RNA ba ya daɗewa a ƙasa ko a ruwa kafin ya ruguje. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai feshi a fadama, ya ji yadda warin maganin ke kama maƙogwaro, ya ga yaro yana wanke famfon feshi a bakin ruwan da ake ban-ruwa da shi, zai gane darajar wannan. Sai dai maganin ba ya yin saurin da manomi ya saba da shi. Ƙwaron ba ya zubowa ƙasa a ranar feshi. Yakan daina ci ne bayan 'yan kwanaki, sannan ya mutu daga baya, kuma aikin ya fi kyau idan an fesa lokacin da ƙwai ke ƙyanƙyashewa. Wanda ya jira har tsutsa ta girma ya makara. Akwai kuma abin da ya fi damuna: a wani gwaji da aka wallafa a 2021, an yi ta ciyar da wannan ƙwaro irin wannan RNA zuriya bayan zuriya, sai aka samu masu juriya ninki dubbai. Saboda haka dole a riƙa sauya shi da wasu magunguna.

Calantha ba ya taɓa funfuna ko kaɗan, kuma ya kamata mai tumatir ya riƙe wannan da kyau. Abin da ya shafe shi kai tsaye yana cikin aikin Hailing Jin ta Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside. A 2013 ita da abokan aikinta suka gano cewa funfuna mai launin toka, wadda masana ke kira Botrytis cinerea, tana tura ƙananan RNA cikin jikin tumatir domin ta kashe garkuwarsa. A 2016 suka juya mata makaminta: suka shafa wa 'ya'yan tumatir da inabi da ganyen latas RNA mai rufe ƙwayoyin gado biyu da funfunar ke ƙera waɗannan ƙananan RNA da su, sai ruɓar ta ragu ƙwarai. Wannan funfuna ita ce take fara wa ɗan tumatir da tabo mai laushi kamar an jiƙa shi, galibi kusa da inda aka tsinke shi, sannan ta lulluɓe wurin da gashi mai toka wanda ke tashi kamar ƙura idan an taɓa.

Abin da ya hana wannan zama kwalba a shagon maganin gona abu biyu ne. Na farko, ba kowace cuta ce ke haɗiye RNA daga waje ba. Binciken da aka yi a ɗakin gwajin Jin a 2021 ya nuna Botrytis da wata funfunar mai suna Verticillium suna haɗiya sosai, wata funfuna daga dangin Colletotrichum ba ta haɗiya, ita kuwa Phytophthora infestans, mai ƙone ganyen tumatir da dankali a lokacin sanyi da laima, kaɗan take ɗauka. Na biyu, rana da ruwan sama suna gamawa da RNA cikin kwanaki. A nan ne aikin da Neena Mitter ta yi a Jami'ar Kwinsland a Ostireliya ya burge ni, domin ƙungiyarta ta ɗora RNA a kan ɓarɓashin yumɓu mai laushi wanda ke manne wa ganye yana sakinsa a hankali. Da aka gwada shi kan Botrytis a 2022, kariyar ganyen tumatir ta ƙaru daga mako ɗaya zuwa mako uku, ta 'ya'yan kuma daga kwana 5 zuwa kwana 10.

Hukuncina shi ne Calantha magani ne mai kyau ga aikin da aka yi shi dominsa, muddin manomi ya iya duba gonarsa a kan kari. Ga mai tumatir kuwa, amfaninsa shi ne ya tabbatar da cewa ana iya sarrafa RNA da yawan da zai isa gonaki, kuma hukuma za ta iya tantance shi ta amince. Waɗancan kwana 10 na kariyar 'ya'ya su ne na fi zuba wa ido, domin kwandon da aka cika a Kadawa ko Kura yakan kwana a hanya kafin ya isa kasuwar Mile 12 a Legas, kuma a cikin wannan tafiya ce wani kaso na guminsa ke ruɓewa a ƙasan kwando.