Neman sabbin waƙoƙi a intanet: ina ya kamata ka sa kuɗinka?

Kowace manhajar sauraron waƙa tana kurin tana da miliyoyin waƙoƙi, amma yawa ba shi ne magana ba. Tambayoyi biyu nake yi: wa zai kai ni inda kunnena bai taɓa zuwa ba, kuma in na samu abin da raina ke so, mallakina ne ko aro aka ba ni?

Spotify, na ƙasar Suwidin, tun 2015 yake haɗa wa kowane mai saurare jerin waƙoƙi 30 duk ranar Litinin. Ba laifi, sai dai na'ura ce ke zaɓen, ita kuwa abin da ka saba ji take dubawa ta kawo maka irinsa, har ka wayi gari kana ta zagaye wuri guda. YouTube ya fi shi abubuwan ban mamaki, don can mutane ke loda tsofaffin kaset da faifan da ba a samu ko'ina, amma talla ta yi masa katutu. SoundCloud sai mai haƙurin tsince tsakuwa. Audiomack da Boomplay na abin da ke tashe ne.

Ni dai Bandcamp ne nawa. Ba kuɗin wata ake biya ba, kanti ne: mawaƙi ya baje kayansa, ka saurara kyauta, in ta yi maka ka saya. Wasu ma cewa suke ka ba da abin da ka ga dama. Da ka biya sai ka sauke waƙar zuwa wayarka ko kwamfutarka, a tsarin MP3 ko FLAC mai cikakken sauti, babu wani kulle a jikinta. Kamfanin na cire kashi 15 cikin ɗari, mafi yawan sauran na mai waƙa ne. Tun watan Maris na 2020, lokacin korona, suka ware wasu ranakun Juma'a da ba sa karɓar nasu kason.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake tono. A ƙarƙashin hoton kundin waƙoƙi za ka ga ƙananan hotunan waɗanda suka saye shi. Taɓa ɗaya, sai ga duk abin da mutumin ya tara, wani lokaci har da layi biyu na dalilin da ya sa yake son waƙar. Daga kundin goge na wani ƙauye sai ka tsinci kanka a kiɗan sarewa na wata nahiya, don kawai kunnen mutum ɗaya ya so su duka biyun. Na'ura ba ta irin wannan tsallen. Aibinsa: manyan taurari da yawa ba sa ciki, kuma sau biyu ana sayar da kamfanin, a 2022 da 2023, saboda haka abin da ka saya ka sauke shi nan take.

Ba banza nake nanata saukewa ba. Akwai jerin da na daɗe ina tarawa a wata manhaja, rana ɗaya na ga waƙoƙi da dama sun dushe, ko an taɓa ba sa motsi. Yarjejeniya ce ta ƙare tsakanin wasu, ba wanda ya ce mini uffan. Manya ma na yin ɓari: a 2019 MySpace, wani tsohon dandalin sada zumunta, ya amsa cewa waƙoƙin da aka loda masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta, kimanin miliyan 50.

Mai son yawon kunne kyauta ya leƙa Radio Garden, da aka buɗe a 2016 a ƙasar Holan. Duniya ce kake juyawa da yatsa, kowane koren ɗigo gidajen rediyo ne kai tsaye. In ka ji waƙar da ta kama ka, manhajar Shazam za ta iya gaya maka sunanta.

Sai kuma 'yan damfara, waɗanda sun fi mawaƙan kirki himma. Waƙoƙin da kwamfuta ke ƙirƙira sun cika ko'ina. A watan Satumban 2025 Spotify ya ce ya goge waƙoƙin bogi sama da miliyan 75 cikin shekara guda. A 2024 an gurfanar da wani a Amurka kan zargin samun sama da dala miliyan 10 ta hanyar irin waɗannan waƙoƙi da masu saurare na ƙarya. Kafin ka biya, bincika mawaƙin: akwai bidiyonsa yana wasa a gaban jama'a? An taɓa hira da shi? Wanda ke fitar da kundi duk mako, ba fuska ba tarihi, ka yi hattara da shi. Akwai kuma masu loda waƙar wani su karɓe kuɗin, don haka ka bi adireshin da mawaƙin ya sa a shafinsa da kansa.

Mai tallar asusun biya a farashin banza, galibi asusun na sata ne ko na taron mutane, ana rufe shi jerinka ya tafi. Manhajar da aka ce an fasa ta don ka sha kyauta kuwa, in ta nemi izinin karanta saƙonninka ko lambobin wayarka, goge ta, ka kuma sauya kalmar sirrinka.