Keken dogarawa mai kujera: amfaninsa ga dattijo mai fita da kansa, da inda yake kayar da mutum

Dattijon da ƙafa ke ɗaukarsa amma gwiwa ko numfashi ke tsayar da shi bayan 'yar tafiya, shi aka yi wa wannan keke. Taya huɗu ne, da mariƙi biyu masu birki, kujera a tsakiya, kwando ko jaka a ƙarƙashinta. A shago sunansa rollator. Wata 'yar ƙasar Suwidin, Aina Wifalk, wadda cutar shan inna ta taɓa, ita ta fito da shi a 1978, kuma ba ta yi rajistar mallakarsa ba.

Kujerar ce ta fi komai daraja a jikinsa. Layin banki, layin kantin magani, jiran mota, duk tsayuwa ce, kuma tsayuwa ta fi tafiya cin ƙarfin tsoho. Mai wannan keke ba sai ya yi ta waige-waige ko wani zai tashi ya ba shi wuri ba. Sai dai zaman yana da ƙa'ida. Birkin aiki biyu yake yi: a ja shi sama, gudu ya ragu; a danna shi ƙasa har ya yi ƙas, taya ta kulle. Duk wanda ya juya zai zauna bai danna birkin mariƙan biyu ba, keken zai sulale baya ya bar shi a ƙasa. A kan gangare kuwa kada a zauna ko an kulle.

Wajen saye, a fara duba taya. Mai faɗin santimita 15 ta cikin gida ce, ɗan dutse ko tsagar siminti ya isa ya tokare ta. Ta fita waje ta zama santimita 20 ko fiye. Keken alminiyam yakan kai kilo 6 zuwa 8, na ƙarfe ya fi nauyi, kuma za a ji bambancin ranar da za a ɗaga shi a sa a bayan mota. Yawancinsu suna ɗaukar mutum har kilo 130 da 'yan kai, amma a karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Wanda ake naɗewa gefe da gefe ya fi, domin yana tsayuwa da kansa, yana kuma shiga ƙofa mai matsi.

Tsayin mariƙi shi ne inda aka fi kuskure. A tsaya da takalmin da aka saba fita da shi, hannuwa a sake, a daidaita mariƙin da wuyan hannu. In ya yi sama kafaɗa za ta yi ciwo, in ya yi ƙasa mutum zai duƙa ya riƙa tura keken can gabansa, daga nan sai ya gudu ya bar shi. Ƙafafu su kasance tsakanin tayoyin baya.

Kwandon ƙarami ne, galibi kilo 5 aka yi masa. Ya isa magani, takardu da ɗan cefane. Rataya leda a mariƙi ganganci ne, nauyin yana karkatar da keken gefe guda.

Akwai haɗarin da ba ya zuwa daga keken, daga masu kirki yake zuwa. Saurayi ya ga dattijo zaune a kai ya ce, "Baba, bari in tura ka." Amsar ita ce, "Na gode ɗana, wannan ba na turawa ba ne." Ba keken guragu ba ne, ba shi da wurin ɗora ƙafa, kuma da ƙaramar tayar gaba ta ci karo da wani abu sai ya kife da wanda ke kai. Taimakon da ya dace shi ne a riƙe ƙofa, ko a ɗaga keken a hau da shi mota bayan mai shi ya kama ƙarfen motar da kyau. A nuna wa mai taimakon gangar jikin ya kama, kada ya ɗaga ta kujera ko wayar birki.

Wayar birki tana saki da amfani. Gwajin mai sauƙi ne: a kulle, a tura, in tayar baya ta juya, a ɗaure ɗan notin da ke kusa da tayar kaɗan-kaɗan har ta kama. Gashi da zare suna naɗewa a gindin tayoyin gaba, su sa keken ya riƙa ja gefe, a cire su da tsinke.

Bai dace da kowa ba. Mai buƙatar ɗora nauyinsa gaba ɗaya a kan abin dogarawa, ko wanda yatsunsa ba sa iya matsa birki, ko mai mantuwar da za ta sa ya zauna bai kulle ba, madogari marar taya ya fi masa aminci. Matakalar bene ma ba wurinsa ba ce. Kafin a biya kuɗi, likitan gashin ƙashi ya ga tafiyar mutum da shi, a kuma gwada zama da tashi a kujerar, domin mai gajeriyar kujera yana da daɗin zama amma tashi daga kansa aiki ne.