Sharhi kan kwas ɗin gane jarabar intanet da magance ta

Kwas ne da ake yi ta intanet, an shirya shi don ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da malamai masu ba ɗalibai shawara. Bidiyo ne da takardun karatu, sai jarrabawa a ƙarshe.

Inda ya fi burge ni shi ne yadda ya raba mai yawan riƙe waya da wanda jaraba ta kama. Yawan awanni ba shi ne ma'auni ba, mai sayar da atamfa ta WhatsApp tana iya wuni kan waya kuma lafiyarta ƙalau. Kwas ɗin ya bi sharuɗɗan ICD-11, kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita abin a kan karatu da aiki da barci, ya ci gaba alhali yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Sun kuma faɗi gaskiya cewa jarabar wasannin bidiyo, mai lamba 6C51, da ta caca kundin ya amince da su, ba intanet ɗungurungum ba. Shi kuwa DSM-5, kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, na 2013, ya ajiye ta wasannin a sashen da ke jiran ƙarin bincike, da alamomi 9, sai an samu 5.

An koyar da gwajin jarabar intanet na masaniyar halayyar ɗan Adam Kimberly Young, na 1998, dalla-dalla: tambayoyi 20, maki har 100, daga 50 zuwa 79 matsakaiciya, 80 zuwa sama mai tsanani. Gwajin ya kwana biyu, har da tambaya kan duba imel, wanda bai dami yaron TikTok ba. Tantancewa kawai yake yi, ba ya yanke hukunci, kuma yaro zai rage amsa idan mahaifinsa na zaune a gefe.

Ɓangaren magani ne ya yi sako-sako. Tsarin dai daidai ne. Mataki na farko, mutum ya riƙa rubuta lokacin da ya hau, manhajar da ya buɗe, da abin da yake ji kafin ya ɗauki wayar. Na biyu, a gyara tunani irin na "a can kaɗai ake ganin darajata". Na uku, a nemo abin da ke ƙarƙashi, ciwon damuwa ne, tsoron shiga mutane ne, ko rashin natsuwa. Ƙwace waya ba magani ba ne, sai dai a koma ta aboki a ɓoye. Amma duk wannan a baki aka faɗe shi. Babu zaman gwaji ko ɗaya, babu ƙwararren da zai duba yadda ka yi da mutum na gaske.

Cacar ƙwallo ta waya, wadda ita ce ta fi cin aljihun matasanmu, ambatonta kawai aka yi aka wuce. Wanda ya riga ya iya zaman ba da shawara zai ƙaru sosai. Sabon shiga kuwa, ya nemi wanda zai sa masa ido kafin ya karɓi mutum na farko.