Gargaɗi ga masu neman tikitin wasan mawaƙa: yadda aka damfari masoya Oasis a Birtaniya

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda yake zaune a Birtaniya, ko yake shirin zuwa can, kuma yake da burin ganin mawaƙan da yake so ido da ido a filin wasa. Akwai wata damfara da ta cinye kuɗin mutane da yawa a lokacin da ƙungiyar kiɗan rok ta Oasis ta dawo fage, kuma masu yin ta ba su daina ba, sunan mawaƙi kawai suke canzawa duk lokacin da aka sanar da wani babban wasa.

Oasis ƙungiya ce ta birnin Manchesta wadda 'yan'uwan juna biyu, Liam da Noel Gallagher, suke jagoranta. Ta watse a 2009 bayan rikici tsakaninsu, har masoyanta da dama suka fid da rai. Da aka sanar a ƙarshen watan Agusta na 2024 cewa sun shirya kuma za su fara zagayen wasanni a birnin Kadif ranar 4 ga Yuli, 2025, daga nan su wuce Manchesta da Landan da Edinbura da Dablin, sai miliyoyin mutane suka yi cincirindo a intanet ranar 31 ga Agusta domin sayen tikiti. Wasu sun wuni a gaban kwamfuta suna jiran layi ya zo kansu, da ya zo kuma suka tarar tikitin da aka ce kusan fam 150 ne ya haura fam 350, lamarin da ya sa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike a kan yadda kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster ya sayar da su. Mafi yawan masu nema sun tashi hannu wayam, kuma waɗannan mutanen ne 'yan damfara suka sa a gaba.

Yadda suke yi ba wani ɓoyayyen sihiri ba ne. Za ka ga sanarwa a Facebook, sau da yawa a cikin wani zaure da aka buɗe da sunan masoya ƙungiyar, wani yana cewa ya sayi tikiti huɗu amma wani uzuri ya taso masa, don haka zai sayar a farashin da ya saya. Idan ka yi masa magana zai amsa nan take, ya turo maka hoton saƙon da ke nuna ya biya kuɗi, sannan ya gaya maka cewa akwai wasu mutum biyu da ke jira, wanda ya riga turo kuɗi shi ne da kaya. Zai nemi ka tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun banki, ko ta sashen manhajar tura kuɗi ta PayPal da aka ware wa dangi da abokai, domin ya san wannan sashen ba shi da kariyar mai saye. Kuɗi na shiga, sai ya toshe ka.

Abin da ya fi haɗari, a ganina, shi ne cewa ba kullum baƙo ne yake tallar ba. Mazambatan suna sace shafin wani mutum na gaske, su wallafa tallar da sunansa da hotonsa, ta yadda abokin karatunka ko maƙwabcinka ne za ka gani yana sayarwa, alhali shi kansa bai san abin da ake ciki ba. Mutum mai taka-tsantsan da ba zai taɓa tura wa baƙo ko sisi ba, yana iya tura wa wanda ya sani fam ɗari uku ba tare da tunani na biyu ba. Saboda haka idan ka ga irin wannan talla a shafin wanda ka sani, ka kira shi a waya ka ji muryarsa, kada ka tambaye shi ta akwatin saƙon shafin, domin ɓarawon ne zai ba ka amsa.

Wani nau'in kuma ya fi cin rai, domin ba a gane shi sai a ƙofar fili. Ana turo maka hoton tikiti mai kyau, ka biya kuɗin jirgin ƙasa da na masauki, ka shiga layi tare da dubban jama'a, sai na'urar mai gadi ta ƙi karɓarsa saboda an sayar wa mutane da yawa hoto ɗaya, ko kuma saboda tikitin na cikin manhaja ne wanda lambarsa take canzawa, hotonsa ba ya aiki. Kana jin kiɗa ya tashi a ciki, kai kana waje.

Bankin Lloyds ya ƙiyasta a 2025 cewa masoya Oasis sun yi asarar fiye da fam miliyan 2 ta wannan hanya, kuma ya ce kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafen da ya samu sun faro ne daga shafukan sada zumunta, galibi Facebook. Ko waɗanda suka sayi tikitin gaske daga 'yan kan-ta-waye ba su tsira ba, domin masu shirya wasan sun sanar a watan Oktoba na 2024 cewa za su soke tikiti kusan 50,000 da aka sake sayarwa ta hanyoyin da ba su amince da su ba. Hanyoyin da aka yarda a sake sayarwa su ne shafin sake sayar da tikiti na Twickets da kuma shafin Ticketmaster, a kan farashin asali. Manyan wasanni da yawa suna da irin wannan ƙa'ida, kuma a shafin mawaƙan ake duba ta kafin a fitar da kuɗi.

Idan za ka biya, ka yi amfani da katin bashi na banki in kana da shi, domin dokar Birtaniya ta 1974 ta ɗora wa bankin alhaki tare da mai sayarwa a kan kayan da kuɗinsu ya wuce fam 100. Idan kuwa an riga an cuce ka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka kira bankinka a take, ko ka buga 159 a haɗa ka da shi, domin tun 7 ga Oktoba, 2024 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa bankuna mayar wa mafi yawan waɗanda aka yaudara kuɗin da suka tura. Ka ajiye hotunan hirar da lambar asusun da ka tura wa kuɗi, ka kai rahoto ga 'yan sanda. Sannan ka shirya wa kira na biyu: wasu za su tuntuɓe ka su ce su jami'an banki ne ko ƙwararrun da ke ƙwato kuɗin da aka sace, su nemi ka fara biyan wani abu ko ka ba su lambar sirrin katinka. Bankinka ba zai taɓa neman wannan lamba ba, don haka ka katse wayar.