Yaron da ya ɗora shagona a Google Maps

Ni mai gyaran firji da esi ne a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano, shekara 11 ina wannan sana'a, kuma duk masu kawo mini aiki daga bakin mutane suke jin labarina. Farkon bazara wani yaro cikin masu cewa suna tallata kasuwanci a intanet ya zo shago, ya ce zai ɗora ni a Google Maps, duk wanda ya nemi mai gyaran esi kusa da shi zai gan ni. Na biya abin da ya nema, ko ciniki ban yi ba.

Gaskiya da farko ya burge ni. Ya ɗauki bidiyon shagon tun daga bakin titi, da allon suna, da kayan aiki har tukunyar gas, ya ce da shi ake tabbatar wa Google cewa shagon na gaske ne. Ya sa lokutan buɗewa, har ya tuna ya rubuta muna rufewa lokacin sallar Juma'a. Ba a yi sati uku ba aiki ya fara shigowa daga Tarauni, Hotoro da Nassarawa, unguwannin da a da sai in yi wata ban leƙa ba. Albarka kuwa babu irin wadda ban sa masa ba, har maƙwabcina mai walda na tura masa.

Sai dai duk aikin ta hannunsa yake biyowa. Ya kira ya ce, "Oga, akwai firiza a Hotoro," in je in gyara, in ba shi la'ada. Ni a zatona shi yake yawon nemo su.

Ranar da asiri ya tonu ina gidan wata Hajiya a Nassarawa. Na gama canza mata kwamfireso, na faɗi kuɗi, sai ta ce, "Malam, ka cire kuɗin dubawa da na tura maka jiya?" Na ce wane kuɗi, Hajiya? Ta miƙo waya. Ga sunan shagona, ga hotona riƙe da sifana, amma lambar da ke ƙasa tasa ce! Wallahi zufa ta karyo mini a ɗakin da esi ke aiki. Na cire kuɗin daga nawa, na ba ta haƙuri kamar ni na yi laifin.

Da dare ɗan yayana da ke karatun kwamfuta ya duba. Ashe yaron nan da Gmail ɗinsa ya buɗe shafin, shi ne mamallaki, ni ko matsayin manaja bai ba ni ba. Ɗan yayan nawa ya kuma ce buɗe Google Business Profile, wato irin wannan shafin kasuwanci, kyauta ne. Wannan bai dame ni ba, ai wahalarsa na biya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wani mutum da ya rubuta ƙorafi a shafin ya ba ni tauraro ɗaya cikin biyar, wai na zuba masa gas a Kabuga kwana biyu ya tsiyaye. Ni ban taɓa zuwa gidan ba. Ranakun da aiki ya yi mini yawa, wani mai gyaran yaron yake turawa da sunana.

Mun nemi a mayar mini da mallakar shafin, yaron ya yi shiru. Sai da na je wajen kawunsa sannan ya sakar mini. Na sa lambata, kuma ba zan ɓoye ba, waya tana ta shigowa, jiya ma uku na samu. Shi ya sa na so in ba shi tauraro uku. Amma yanzu da nake rubutun nan na sake tuno fuskar Hajiya, biyu ma ya gode Allah.

Maganar mutumin Kabuga tana nan har yau. Na ba shi amsa a ƙasanta, na ce ya kira ni in zo in duba inda gas ɗin ke zuba kyauta. Bai kira ba tukuna.